Ni Ce Mai Tuƙa Jirgin

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin ranar bikin autarmu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa 'yan gidanmu ba za su bari ba. Ni na tara mutane da bakina, ni na ɗauko kayan tun daga Yankara har Ƙanƙara, ni na sa aka tayar da janareta, duk don a zauna a kalli yadda zan ji kunya. Na duba sosai ko akwai wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba.

Bari in koma baya kaɗan. Ina 'yar shekara bakwai Babanmu, Allah ya jiƙan shi, ya dawo daga kai hatsi kudu da wani kwali a hammata. Da aka buɗe sai ga gem mai kaset: 'yar baƙar na'ura, hannu biyu na sarrafa wasa masu dogayen wayoyi, da kaset-kaset ruwan ɗorawa da ake turawa ta sama har sai sun ce ƙwas. Aka jona ta da talabijin ɗinmu mai doro. Daga ranar gidanmu ya koma dandali. In aka kawo wuta, ko tuwo ne a bakin yayyena maza sai su tofar su ruga ɗaki. In hoto ya ƙi fitowa a zare kaset a hura mashi iska, a goga a riga, a mayar. In adafta ta yi zafi a sa mutum guda ya zauna yana yi mata fifita. (Wannan mutumin ni ce, na yi wata biyu a wannan muƙamin.)

Akwai na tankokin yaƙi, akwai na tseren babur, akwai na harbin tsuntsaye da bindigar roba. Amma wanda ya tafi da raina shi ne na jirgin sama. Wani ɗan farin jirgi ne a saman shuɗin teku, jiragen abokan gaba suna zubowa daga sama kamar fari, kiɗan kuma har yau in na rufe ido ina jin shi. Matsalar ɗaya ce: maza ba su ba ni hannu. Na yi kuka, na yi birgima, na ƙi cin abinci na rabin yini, har Baba ya leƙo ya ce wa babban wanmu, "Sanusi, in ba a ba ta ba, a kashe kowa ya huta."

Yaya Sanusi ya miƙo mani hannu na biyu. Ya ce, "To zo ki zauna. Wannan wasan na mutum biyu ne. Ke za ki tuƙa jirgin, ni harbi kawai zan riƙa yi maki."

Jama'a, ashe baiwa gare ni. Tun ranar farko jirgin nan yake bin yatsuna. In na karkata dama ya yi dama, in na zame hagu ya yi hagu, harsasai na wucewa ta gefen fukafukai ba su taɓa ni. Cikin wata guda muka kai ga ƙaton jirgin ƙarshe muka tarwatsa shi, abin da ko manyan samarin unguwa ba su yi ba. Baba ya sa mani suna Direba. Inna ma ta kama, "Direba, in kin sauka ki zo ki wanke kwanoni." Ni kuwa ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Bayan shekara biyu ko uku na'urar ta ƙone, aka jefa ta bayan akwati, kowa ya girma. Na yi karatu, na yi aure a Yankara, na zama malamar firamare. Amma labarin bai ƙone ba. Na ba maigidana, Baban Husna, tun yana zuwa zance. Na ba ɗiyata Husna da ƙannenta har sun haddace. Na ba malamai a ofis. Har 'yan ajina mata nakan ce masu, "Kada wadda ta yarda a ce mata wani abu na maza ne. Ni da kuke gani, ina 'yar shekara bakwai na tuƙa jirgin da maza suka kasa." (Ba na cika bayyana masu cewa jirgin na cikin talabijin ne ba sai sun tambaya.)

To bara, ranar kasuwar Yankara, na je sayen kayan miya, na ratsa ta wurin masu shimfiɗa tsofaffin kayan wuta a ƙasa. Tsakanin matattun rimot da cajojin da babu wayarsu a duniya, na hango abu ruwan ɗorawa. Na tsaya cak. Na duƙa na ɗauka, takardar jikinsa ta kusa gogewa, amma irin namu ne, kaset ɗin gem ne. Ban san lokacin da na kai shi baki na hura mashi iska ba, a tsakiyar kasuwa, da hijabina har ƙasa. Mai kayan ya ce, "Malama, ba a ci fa." Na dawo gida da kaset, na manta tattasai.

Daga nan zazzaɓin ya kama ni. Na samo irin na'urar wurin wani mai gyara a Faskari, ya canza mata waya ta tashi. Na roƙi surukata tsohon talabijin ɗinta da kaji ke kwana a kai, don waɗannan sababbin na bango ba su ba hoton irin ɗanɗanon da. Duk wanda zai je Funtua ko Katsina sai na ba shi saƙo. Na kwashe tangaran na aure daga kabet na jera kaset-kaset, har suka haura ashirin, kowane na san inda na samo shi da ranar da ya shigo gida. Akwai wanda aka rubuta wasa dubu tara a jikinsa, ka kunna ka tarar guda shida ne suke ta maimaita kansu da sabon suna. Ko wannan ƙaryar daɗi take mani, don haka suke yi mana tun muna yara.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni, shi ma na ture shi gefe. Duk wasan da na kunna, ba na iyawa. A na tankoki gidana nake fara harbewa. A na babur ina faɗuwa tun kafin tudun farko. Husna, 'yar shekara sha ɗaya, cikin kwana uku ta wuce ni a komai. In suka fara dariya sai in ce, "Waɗannan ba fannina ba ne. Ku jira in samo na jirgi." Shi kuwa na jirgin ya ƙi samuwa. Wata takwas ina nema.

Saura mako guda bikin autarmu Ummi, wata abokiyar aikina ta ce akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabuwa, Malam Iro, da ke da kwali guda na irin waɗannan abubuwan a ƙarƙashin teburi. Na dawo gida na ce sai mun je. Baban Husna ya ajiye cokali ya dube ni.

"Sabuwa? A kan kaset? Kin san dai hanyar nan ba wadda ake bi don nishaɗi ba ce yanzu."

"An ce da sauƙi kwanan nan. Mu tafi da safe mu dawo kafin azahar."

"In aka tambaye ni me ya kai mu, me zan ce?"

"Ka ce zumunci."

Ya kira mutum uku ya tambayi lafiyar hanya, sannan ya raka ni ranar Asabar, yana salati a kowace kwana. Malam Iro ya jawo kwalin, ya kaɗe ƙura da kashin ɓera, na durƙusa ina tonowa kamar mai haƙar gyaɗa. Can ƙasa na gan shi. Farin jirgi, shuɗin teku. Wallahi sai da hawaye suka zo mani, don hoton ɗakin Inna ne ya dawo gaba ɗaya, da tabarmar, da Baba a bakin ƙofa yana shan shayi. Malam Iro ya karɓa ya juya shi ya ce, "Na tuna wannan. Na mutum ɗaya ne, in ban manta ba."

Na yi murmushin masana na ce, "Ka manta, Malam. Na mutum biyu ne, ɗaya tuƙi ɗaya harbi. Ni na ƙare shi."

Ya ce, "To, Allah ya sa albarka." (Dattijon kirki. Har yau ina tunanin in koma in ba shi haƙuri.)

Makon nan babu wuta a Yankara ko ƙyaftawa. Baban Husna ya ce zai aro janareta in gwada kafin biki. Na ce, "Ni zan yi gwaji? Abin da ke cikin yatsuna?" Maimakon gwaji sai na ɗauki hoton kaset ɗin na tura zauren gidanmu na waya, na rubuta cewa ranar biki bayan la'asar Direba za ta dawo bakin aiki, kowa ya zo da idonsa. Aka yi ta shewa da tafi. Ba a yi minti goma ba Yaya Sanusi ya kira ni.

"Ki bar abin nan a gida, kin ji? Biki ne, hidima ta yi yawa. In an watse sai mu kunna mu biyu."

Na kashe waya na ce wa Baban Husna, "Ka ji shi? Tsoro yake a gane cewa shi ɗan harbi ne kawai."

Ranar biki muka isa Ƙanƙara da sassafe, talabijin mai doro a bayan mota an naɗe shi da bargo kamar majinyaci. Aka ɗaura aure, aka ci aka sha. Bayan la'asar dangin ango mata suka iso daga Faskari don ɗaukar amarya, aka sauke su a falon Inna, ana jiran a gama shirya ta. Shugabarsu wata goggon ango ce, Hajiya Hajara, doguwar dattijuwa mai tabarau da carbi, irin wadda in ta yi gyaran murya falo ke yin tsit. Mai hankali zai ga baƙi ya fasa. Ni sai na ga 'yan kallo sun ƙaru.

Na sa aka tayar da janareta, na jona wayoyi da anko ɗina da lallena da komai. Na hura kaset sau uku, na tura, na kunna. Kiɗan nan ya tashi. Yayyena da suka leƙo daga tsakar gida suka yi ihu kamar yara, Inna ta ce, "Ikon Allah, wannan kiɗan bai mutu ba?" Na miƙe na yi wa baƙi jawabi, na ba su tarihina tun daga shekara bakwai, ban rage komai ba, na ma ƙara.

Yaya Sanusi ya shigo ya gaida baƙi, ya tsuguna kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Kawo hannu na farko in riƙe maki, kamar da."

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "A'a, Yaya. So kake a ce da taimakonka. Harbi ai ba wani abu ba ne, maɓalli ɗaya ne. Ko Hajiya ma za ta iya."

Hajiya Hajara ta sauke tabarau ta dube ni. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta rataya carbi a wuya ta ce, "Kawo in gani, ɗiyata." Na miƙa mata hannu na farko, na nuna mata jan maɓallin, na ce ta yi ta dannawa kada ta taɓa komai. Na ga Yaya Sanusi ya dafe goshi ya koma jikin bango.

Aka fara. Jirgi ya fito, Hajiya tana harbi tsakaninta da Allah. Na danna dama. Jirgi bai motsa ba. Na danna hagu. Yana nan tsaye a tsakiya kamar an dasa shi. Na karkata da kafaɗa, na karkata da ƙugu, na kusa kwantawa a cinyar wata baƙuwa, harsashi ya zo a hankali, kowa na kallonsa, ya same mu. Na ce yatsuna ne ba su warware ba. Na biyu ma haka. Na ce waya ce. Na zare, na hura, na mayar, na hura kaset, na hura har ramin na'urar, janbakina duk ya ɓata ta. Gumi ya fara wanke mani hoda.

A karo na huɗu sai jirgin ya zabura ya yi dama. Na ce, "Yauwa, ya fara ji." Ya yi hagu, ya kauce wa harsashi biyu. Falo ya ɗauki shewa. Na miƙe tsaye a kan gwiwoyi, ina murza hannun nan, ina cewa, "Kun gani? Kun gani? Ba a mantawa." Cikin wannan rawar kai ɗaurin ɗankwalina ya warware ya rufe mani fuska. Ga baƙi, ga yayye maza a ƙofa, dole na ajiye hannun a kan kafet na kama kaina da hannu biyu ina ɗaurawa.

Shewar ta tsaya. Kiɗa kawai ke tashi. Sai na ji muryar Husna, a hankali, irin muryar mai ba da labarin rasuwa.

"Umma, kin ajiye fa. Amma yana ta tafiya."

Na ɗaga ɗankwali na duba. Ga hannuna a ƙasa, babu mai taɓa shi. Ga jirgi yana yawo dama da hagu yana kauce wa wuta. Na juya a hankali. Hajiya Hajara ta matso bakin kujera, ta cije leɓe, babban yatsanta na hagu ya sauka a kan maɓallin tuƙi tun ɗazu ba ta sani ba, yanzu kuma ta gane, tana ta sarrafa abinta.

Na dubi Yaya Sanusi. Mutumin da ya kusa hamsin, mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da satar nama.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Wasan na mutum ɗaya ne," in ji shi. "Hannu na biyu ba ya komai a cikinsa. Bai taɓa yi ba."

"To da wa ke tuƙi?"

"Ni."

"Harbin fa?"

"Shi ma ni."

Ban san wadda ta fara dariya ba, amma na san Inna ce ta fi kowa. Tsohuwar nan ta riƙe ciki tana share hawaye da gefen mayafi. Na ce, "Inna, ke ma kin sani?" Ta ce, "Yo wa bai sani ba? Har maƙwabta. Babanku ne ya ce duk wanda ya faɗa maki sai ya gamu da shi." Matan Faskari da ko sunana ba su gama riƙewa ba suna bubbuga juna. Amarya ta fito da lulluɓinta tana tambayar me ya faru, aka ba ta labari, ta zauna a ƙasa tana dariya har kwalliyarta ta lalace, aka koma da ita ɗaki a sake. Baban Husna yana tsakar gida, an ce da labari ya kai mashi cewa ya yi, "Sabuwa fa muka je," ya nemi kujera.

Ni kuwa ina durƙushe a tsakiyar falo, ɗankwali a karkace, ina lissafa mutanen da na ba labarin nan cikin shekara talatin. Na fara da 'yan ajina, na ji kaina ya sara, na bari.

Na fita bayan ɗaki wurin randuna wai zan sha ruwa. Yaya Sanusi ya biyo ni. Na ce mashi ya cuce ni, na kuma yi niyyar yin fushi na gaske. Ya jingina da bango ya ce, "Kin san wahalar da na sha kuwa? Ido ɗaya a talabijin, ido ɗaya a kanki. In kin karkata dama dole in yi dama, ko da wuta ce a wurin, don kada ki gane. Sau nawa muka mutu saboda ina bin ki? Kuma in mun mutu wa kike zagi?"

Na ce, "Kai."

"Ki ce ban iya harbi ba. Har ƙarata kika kai wurin Baba."

Dariya ta ƙwace mani, hawaye na biye da ita. Yaro ɗan sha biyar ya yi shekara biyu yana tuƙa jirgi da kafaɗar ƙanwarsa, kuma a hakan ya kai ƙarshe. Na ce ashe gwanin gidanmu yana nan, ba a taɓa yi mashi tafi ba ko sau ɗaya. Ya ce in bar maganar, in je in ƙwato kayana, don motoci sun iso.

Ƙwatowar ma sai da ta zama aiki. Direbobi na ta danna oda a waje, an gama shirya amarya karo na biyu, Hajiya Hajara ta ce a ɗan dakata ta kusa tsallake tekun. Sai da jirginta ya faɗi ta miƙo mani hannun, ta gyara tabarau ta ce, "Abin ba wuya, ɗiyata. Ki riƙa kallon inda wutar ke fitowa." Na ce, "To, Hajiya, na gode." Me zan ce?

Ranar Litinin na tsaya gaban 'yan ajina na gyara tarihi. Na ce masu maganata tana nan, mace na iya tuƙa jirgi, na gani da idona, sai dai macen ba ni ba ce, wata Hajiya ce a Faskari. Kaset-kaset ɗina suna nan a kabet, har na ƙara uku. Duk ranar da aka kawo wuta ina zama da hannu na farko in gwada da gaske, kuma ina sanar da ku da alfahari cewa makon jiya na kai mataki na biyu.

Abin da na koya shi ne, in ka ga duk gida sun yarda kai gwani ne, babu mai musu ko sau ɗaya, kada ka yi saurin gayyatar baƙi, fara binciken masu ƙaunarka tukuna. Shekaranjiya Baban Husna ya cinye tuwo ya ce duk Yankara babu mai miyar kuka kamar tawa. Shekara sha uku yana faɗin haka. Na ajiye ludayi na ƙura mashi ido, ya ɗauke kai yana neman ruwan wanke hannu. Ban tambaya ba. Wannan kam ba zan tara mutane a gwada ba.